Sarƙar Pari a Butik ɗin Na-Pari

Allah ya yi wa garin Tawa gata da ya ba shi Manzo Na-Pari. Kwana tara ya yi a Faransa, huɗu daga ciki a filin jirgi, amma ya dawo da wayewar da za ta ishi ƙasar Adar kaf har a raga wa ƙauyen Affala. Tun daga nan ba ya gumi sai da izini, ba ya gaisuwa sai da ɗan yatsa.

Da ya buɗe butik ɗinsa na kayan ado, aikinsa na farko shi ne korar Rissa, tsohon maƙerin farfaru da ya shekara ashirin yana ƙira a gindin itacen bedin da ke ƙofar wurin.

"Baba, ka matsa," in ji shi. "Nan gidan luks ne, na masu hannu da shuni. Hayaƙin gawayinka yana ɓata mini gilashi."

Rissa ya naɗe tabarmarsa ya koma bayan tashar 'yan kabu-kabu.

Abu ɗaya ya hana Na-Pari sakat: Hajiya Kadidiya, mai raƙuman da ba a ƙirgawa, ba ta taɓa taka butik ɗin ba. Ita kuwa duk abin da ta rataya a wuya ran Juma'a, ran Asabar matan Tawa sun bi sahu. Idan ta saya, ya kafu. Idan ta juya baya, sai dai ya sayar wa ƙudaje.

Sai ya yo odar sarƙar azurfa daga wani babban gidan ado na Pari, babban birnin Faransa, ta iso cikin akwatin karan-miski. Ya shirya buki, ya kunna na'urar sanyi har baƙi suna atishawa, ya sa safar hannu fara kamar mai shirin yi wa sarƙar tiyata.

"Hajiya, ki duba da idon basira," ya ce. "Wannan ba irin ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashen maƙeranmu ba ne. Hannun Bature ne, wanda ya gaji kakanni bakwai a sana'a. Kin ga waɗannan zane-zanen a baya? Sa hannunsa ne, da tsohon rubutun Turawa. Ko a can, mu kaɗan muke karanta shi."

Hajiya ta juya sarƙar. Ashe uwarta Ba'abziniya ce, ta koya mata rubutun Abzinawa a kan rairayi tun tana ƙarama. Ta kalli ɗigo da da'irorin nan, ta yi murmushi.

"To karanta muna, Manzo."

Na-Pari ya gyara murya, ya gyara tabarau, ya gyara kwala. Abin da bai gyaru ba shi ne karatun.

"Bari in taimake ka, ɗana," ta ce. "An rubuta: Rissa, Tawa. Ina maƙerin da ka zama nan ƙofa?"

Ashe sarƙar da aka ƙera a gindin bedin nan, wani dillali ya kai ta Pari, aka sa mata akwati, Manzo ya yi odarta aka dawo da ita gida a jirgi. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma shi ko mintin da ya wuce ma ya fi masa daɗi.

Da aka faɗi inda Rissa ya koma, matan da suka zo bukin suka bi Hajiya ɗuu zuwa bayan tasha. Na-Pari ya bi su a baya da safar hannunsa, yana gumi ba da izini ba.

Rissa ya ɗaga kai daga zuga-zuginsa, ya dube shi.

"Ɗana, ka matsa kaɗan," ya ce. "Turarenka yana ɓata mini wuta."