Kujerar Yayata da Jerin Jami'o'in Duniya

Jama'a, yau da babban yatsa a kumbure nake rubuta muku wannan. Guduma ce ta same shi, amma ban ga laifinta ba. Laifin wasu masana ne da ban taɓa gani ba, masu zama a can wata uwa duniya su jera jami'o'i daga ta ɗaya har ta ƙarshe, kamar yadda ake jera yara a duba musu farce.

Ni kafinta ne, karatuna bai wuce na tef ɗin awo ba. An kira ni wata ma'aikata in gyara ƙofar da ta ƙi rufuwa. A can yayata take buga takardu. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da rana tana aiki, da yamma tana zuwa wata ƙaramar jami'a da ke bayan tasha. Yanzu cikinta ya tsufa, tashi ma sai ta dafa tebur.

Ina cikin kwance ƙofa sai ga Mai Girma Shugaba, Allah ya ƙara masa iska a fanka, ya fito da jarida a hannu. Ashe sabon jerin ya fito, jami'ar da ya yi ta hau can sama. Ya tara ma'aikata ya ce shi abin da ya daɗe yana damunsa ke nan: wanda ya fito daga jami'ar sama da wanda ya fito daga ta ƙasa suna zaune kai ɗaya, baƙo ya shigo bai san wa zai fara gaisarwa ba. Daga yau tsawon kujerar kowa zai bi matsayin makarantarsa.

Aka yi tafi. Ni ma na tafa, ban san da ni ake ba.

Shugaba ya juyo gare ni. "Kai mai zarto, bar ƙofar nan. Ka fara da na ƙasa."

Aka bi jarida da yatsa ana neman jami'ar Yaya. Aka sauka, aka sauka, har yatsan ya kusa faɗawa kan tallan maganin sauro, sannan aka same ta. Bisa lissafin Mataimakin Shugaba, kujerarta za ta koma 'yar tsugunno. Matar da likita ya hana ta ko sunkuyawa ɗaukar tsintsiya.

Na tsaya a gabanta da zarto, na kasa ɗaga ido.

"Auta, yanke kawai," in ji ta a hankali. "Kada ka ja mini takardar gargaɗi ina dab da hutun haihuwa."

"Yaya, in kin zauna wa zai tashe ki?"

"Kai mana. Ba kai ne mai ƙarfi ba?"

Ni ba na iya musu da manya, kuma ba na iya sauri. Na ce bari in wasa zarto. Na yi ta wasawa har na samu abin faɗa, sannan na shiga ofishin Mai Girma na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, wani abu ne ya tsaya mini a rai. Idan na rage wa na ƙasa, kai kana nan inda kake jiya. Alhali jami'arka ce ta hau. Ai kai ya kamata a ga ka hau."

Ya cire tabarau ya dube ni. "A ina ka yi karatu?"

"Ban yi ba, ranka ya daɗe."

"Asara," in ji shi. "A ɗaga ni."

Sai rigima ta koma sama. Mataimaki da Babban Akawu jami'o'insu sun yi kunnen doki, kowa ya ce ba zai zauna daidai da ɗan'uwansa ba. Wani jami'i ya ciro hotonsa tsaye a bakin ƙofar jami'a ta ɗaya, ya ce ya taɓa yin kwas na 'yan kwanaki a can, a ƙara masa ko da faɗin yatsa biyu ne. Aka kafa kwamiti, aka ba shi yatsa ɗaya.

Da na nemi katako, mai kula da sito ya ce babu a kasafin bana. Ya nuna mini ɗaya daga cikin benci biyu da jama'a ke zama a baranda suna jiran takardunsu. Wani dattijo da ke bin haƙƙinsa na ritaya yana kai, sai da na roƙe shi ya tashi.

"Ɗana, me bencin ya yi?"

"Baba, wai jami'ar Shugaba ce ta ci gasa."

"To Allah ya sanya alheri. Mu kuma tamu ta faɗi ke nan?"

Na ci gaba da yanka.

Mai Girma ya ƙi sauka daga kujerarsa, ya ce yana son ya ji hawan a jikinsa. Masinjoji suka tallafe shi, ni ina kwance a ƙasa ina buga ƙusa, ya motsa don ya amsa waya, guduma ta sauka a yatsana. Da aka gama, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, teburin ya koma wajen gwiwarsa, in zai sa hannu a takarda sai ya duƙa kamar mai ɗaure takalmi. Ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin nasa ba. Har ya ce gobe in dawo in yi masa matakala.

Da na ba maƙwabcina mai wanki da guga labari, ya ajiye dutsen guga ya ce, "To su masu jera makarantun, sun san ana yin haka da aikinsu?" Na ce ina jin su ma a kan wani abu suke zaune.

Kujerar Yaya dai ko ƙwarzane ba ta samu ba. Da yake an ɗaga ta kowa, ita ce mafi ƙasa a duk ma'aikatar, kuma ita kaɗai ce ake zama a kai ƙafa ta taɓa ƙasa. In Yaya ta tashi miƙe ƙafa, sai ta tura wa dattijon nan ita ya ɗan huta.

An ce duk shekara ake sake jerin, kuma benci ɗaya ya rage a barandar. Wanda duk yake da takardar karɓa a can, ya taho da abin zamansa daga gida. In ya ga na nufo shi da zarto, ya yi haƙuri, ya riƙe abinsa da kyau.