Yadda Ake Cin Kujerar Majalisar Jiha da Rufin Ɗakin Tsohuwa

Kai mai neman kujerar majalisar jiha, ajiye wayar nan ka ba ni hankalinka. Matakai bakwai zan ba ka. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin damina ta fita babu gidan da ba a ambaci sunanka ba a mazaɓarku. Ni da kake gani na jagoranci yaƙin neman zaɓe sau shida. 'Yan baƙin ciki za su ce maka duka shidan faɗuwa muka yi. Ka tambaye su, su sau nawa aka taɓa ba su amanar faɗuwa?

Zan riƙa kawo maka misali da ɗan takarata na ƙarshe, wanda kowa ke kira Injiniya. Mutumin kirki ne, ɗan kwangilar gine-gine, ya shekara ashirin a babban birni yana ɗora bene kan bene. Matsalarsa ɗaya ce: unguwar da aka haife shi ita ce mai yawan ƙuri'a, mutanenta kuwa cewa suke ya manta gida. In bai wanke kansa a wurinsu ba, kujera ta tafi ga abokiyar takararsa, wata ungozoma da rabin masu zaɓen a hannunta aka haife su.

Mataki na 1: Raba mutane gida uku

Akwai naka, akwai na abokin hamayya, akwai masu jiran su ga inda iska ta kaɗa. Na biyun ka bar su da Allah. Na ukun su ne aikinka. Na farkon kuwa, kul ka ɓata ko minti ɗaya a kansu, suna aljihunka.

Ranar da muka fara zama, Injiniya ya ce, "Darakta, ina ganin mu fara leƙa tsohuwata. Tana nan cikin unguwar, na kwana biyu ban shiga ba."

Kwana biyun nan, daga baya na gane, shekara takwas ne. Ba yar da ita ya yi ba, kada ka ɗauki alhakinsa. Duk wata direbansa na kai mata kayan abinci, in kuma ya so ganinta sai a ɗauko ta a mota ta yi mako guda a birni ta ga jikoki. Shi ne dai ƙafarsa ba ta taka gidan ba.

Na ce, "Yallaɓai, ka taɓa jin uwa ta sauya sheƙa? Ƙuri'arta a rubuce take. Mu bar ta sai ranar zaɓe, ka riƙo hannunta a gaban akwati a ɗauki hoto."

Ya ce to.

Mataki na 2: Ɗauko ƙwararru daga nesa

Kada ka sa ɗan unguwarku a kwamitinka. Wanda ya san ka tun kana yawo ba wando ba zai taɓa ce maka Honorabul da zuciya ɗaya ba. Ni daga wata jiha aka ɗauko ni, mai hotonmu kuwa ya ma fi ni nisan gida. Ba mu san kowa ba, ba wanda ya san mu, shi ya sa muke ganin abubuwa da sabon ido.

Mataki na 3: Nemo matsala mai kyan hoto

Rashin aikin yi ba ya fitowa a hoto. Tsadar magani ma haka. Amma rufin ɗaki mai yoyo, da tsohuwa a ƙarƙashinsa, wannan ko dutse ya gani sai ya yi ƙwalla.

Ni da mai hoto muka shiga unguwar da safe bayan an kwana ana ruwa. Muka tsaya wurin wani mai shago a bakin layi, na ce masa muna neman gidan da ya fi kowane lalacewar rufi, wanda tsohuwa ke zaune ita kaɗai.

"Wa ya aiko ku?" in ji shi.

"Injiniya, mai takara."

Ya dube ni, ya dubi mai hoto, sannan ya leƙa ya ƙwala wa tela maƙwabcinsa kira: "Bar keken nan ka zo ka ji!" Ya sa na maimaita maganar. Telan ya cusa bakin rigarsa a baki. Daga nan su biyun suka nuna mana gida ɗaya, mai shuɗiyar ƙofa, can ƙarshen layi. Na rubuta a littafina cewa 'yan kasuwar unguwar suna tare da mu ɗari bisa ɗari.

Tsohuwar 'yar ƙarama ce, mai tsabta. Ɗakinta a share, sai dai an jera bokiti biyu, roba huɗu da tukunya ɗaya a ƙasa, kowanne da ɗigonsa. Na ce mata wani babban mutum zai zo jibi ya share mata hawaye. Ban faɗa mata sunansa ba, don mamakinta ya fito na gaske a hoto. Na tambaye ta ko tana da 'ya'ya.

Ta ce, "Ɗaya ne, ɗan nan. Aiki ne ya yi masa yawa, ban so in ɗaga masa hankali da zancen rufi ba."

Mai hoto ya ɗauki rufin, ya ɗauki robobin. Fuskarta na hana shi ɗauka. Ba a nuna fuska tun farko, ajiye ta ake yi sai babbar rana.

Mataki na 4: Kada ka saurari direba

Direba, musamman tsoho, gani yake ya fi kowa sanin mazaɓa don kawai ya san ramukan hanya. In ka ba shi fuska, gobe shi zai rubuta maka jawabi.

A cikin mota na miƙa wa Injiniya wayata ya ga hotunan. Yana kallo yana amsa wata wayar, bai fi daƙiƙa huɗu ba ya ce, "Subhanallahi, a mazaɓata?" Baba Direba, wanda ya shekara goma sha biyar yana tuƙa shi, ya karkato kai lokacin da wayar ke dawowa hannuna.

"Ranka ya daɗe, koren bokitin nan kamar..."

Na ce, "Baba, hanya."

Can an jima ya sake gyara murya. "Yallaɓai, da dai za ka tambayi wane layi ne."

Na ce, "Baba, kai da sitiyari, mu da siyasa." Ya ci gaba da tuƙinsa. Ashe tsohuwar ce ta rantsar da shi tun bara kada ya kai zancen rufin birni, ga shi ni ma na taya ta rufe masa baki.

Mataki na 5: Yi fushi a rediyo

Mutane ba sa zaɓen mai sanyin murya. Kafin ka je gidan, ka shiga gidan rediyo da hantsi, lokacin da kowace tsohuwa ke zaune da akwatinta a gefe, ka yi fushi.

Ni na rubuta jawabin, amma wallahi Injiniya ya ƙara masa gishiri. Ya kwatanta ɗakin, ya ƙirga bokiti da roba da tukunya. Sannan ya bugi tebur har mai gabatarwa ya zabura.

"An ce tana da ɗa!" in ji shi. "Ɗa namiji, mai rai da lafiya, yana can birni yana kwana a busasshen ɗaki! In kana ji na, kai ɗan nan, ka ji kunya. Irinka ko akuya ba a ba shi riƙo. Yau da yamma ni zan je in zama ɗan da ba ta samu ba!"

Na tafa masa ta bayan gilashi har tafina ya yi ja. Baba Direba yana zaune a mota da rediyo kunne, muka fito muka same shi ya dafe kai da hannu biyu. Na ɗauka jawabin ne ya ratsa shi.

Mataki na 6: Isa da hayaniya

Mota shida, lasifika biyu, da mai hoto yana watsa komai kai tsaye a waya. Ɗan takara ya zauna a baya, gilashi baƙi a rufe, idonsa a kan takardar tambayoyin da zai yi wa tsohuwa. Kada ya kalli waje, kallon waje na raba hankali.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Kan katanga mutane, kan bishiya mutane, mai shago da tela sun rufe sana'a sun kama wuri a gaba. Abin da ya ɗan ɗaure mini kai, ba mai tafi, ba mai kirari. Kowa ya zuba ido kawai.

Mota ta tsaya. Injiniya ya sauko, ya gyara babbar riga, ya ɗaga hannu, sannan ya ɗaga kai. Hannun ya tsaya a sama. Ƙofar dai an sake mata fenti, layin ya cika da sababbin shaguna, amma dakalin da ya haƙa sunansa a jiki da ƙusa yana nan inda yake.

Ya ce a hankali, "Darakta, nan ne?"

Na ce, "Nan ne, Yallaɓai. Kada ka ji tsoron taro, mutum dubu uku ke kallonmu a waya." Na tura shi ciki. A daidai nan hadari ya saki ruwa, na gode wa Allah a zuciyata, don ko kuɗi muka biya ba za mu samu tsari irin wannan ba.

Mataki na 7: Riƙe takardarka, ko me ya faru

Tsohuwar na zaune a bakin gado, ta sa mayafinta na fita, rediyonta a gefe a kashe. Ta dubi Injiniya, ta dubi wayar mai hoto, ta dubi abin maganar da muka maƙala masa a wuyan riga. Ba ta yi mamakin da na tanada ba ko kaɗan.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," in ji ta. "An gode da aka tuna da mu."

Injiniya ya kasa motsi. Na zungure shi, na nuna masa tambaya ta ɗaya a takarda. Idonsa na kan tsohuwar, sai ni na karanta: "Baiwar Allah, ina ɗanki yake da ya bar ki a haka?"

Ta ce, "Ɗana bai bar ni ba. Bai sani ba ne, ni na ɓoye masa. Yaron kirki ne, kowa ya shaida. Abin da aka faɗa a rediyo, wanda ya faɗa bai san shi ba ne. Ina roƙon alfarma a daina zaginsa."

Ruwa ya ƙaru. Wani sabon ɗigo da babu roba a ƙarƙashinsa ya fara sauka a kan hular Injiniya, ɗis, ɗis, yana gangarowa ta kunnensa. Shi ko a jikinsa. Tsohuwar ta kalli ɗigon sau ɗaya, sau biyu, ta daure. A na uku ta kasa. Ta miƙe, ta kamo hannun rigarsa, ta jawo shi bakin gadon.

"Kai, matso nan mana, mura ba ta yi maka da daɗi. Nan ne kaɗai ba ya zuba."

Ta zaunar da shi a wurinta, ita ta tsaya a nasa, ruwan na sauka a kan mayafinta.

Injiniya ya ce, "Inna."

Lasifika biyu suka kai kalmar har ƙarshen layi. Ni sai a lokacin kaina ya waye. Na raɗa masa cewa har yanzu ana iya gyarawa, mu ce dama shiri ne don a ja hankalin matasa. Bai ko dube ni ba. Ya cire abin maganar ya sa mini a tafin hannu, ya tuɓe babbar rigar ya yafa wa uwarsa, ya leƙa waje ya ce, "Baba, a nemo mini tsani da guduma."

Na ce, "Yallaɓai, gunduma uku na jiranmu kafin magariba!"

Ya ce, "Su jira."

Sun jira kuwa, don kwana tara ya yi a gidan, uku a kan rufi, shida a ƙarƙashinsa. Taron gangaminmu na ƙarshe ni kaɗai na yi shi, ni da hotonsa. Ungozoma ta ci zaɓe da rata mai kauri. Amma ka tuna alkawarina na farko: babu gidan da ba a ambaci sunansa ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan bin waɗannan matakai. In ka rasa kujera, in tela ya riƙa dariya duk sanda ka wuce, in ka sami kanka kana kuka a gaban mutum dubu uku, tsakaninka da ƙaddararka ne, kada a neme ni. Ko an neme ni ma ba za a same ni a ofis ba. A tasha nake ƙarasa rubutun nan, a kan gwiwata, ina jiran motar garinmu ta cika. Tawa tsohuwar kullum na buga waya cewa take komai lafiya lau, shekara biyar ke nan ina yarda.