Ɓata-garin da ke Ɗakin Baya

"Lafiya lau, tsohuwa mai ran ƙarfe. Ashe kin kwana? Na ɗauka yau zan zo rabon gado."

"Ka mutu ka bar ni, mijin banza. Ina saƙona?"

Kansila ya tsuguna a bakin ƙofar kakarsa, ya miƙa mata kwaɗon ƙofar da ta aike shi ya sayo. Zolayar ta fito daga bakinsa, amma hankalinsa na wani wuri. Gobe majalisar gari za ta yi ƙuri'a a kan rufe ɗan asibitin masu shaye-shaye da ke bayan kasuwa, a riƙa miƙa su ga 'yan sanda. Ƙuri'u sun yi kankankan, tasa ce za ta raba gardama. Tun da wani mashayi ya soke wata mata mai shago a kan kwana har lahira saboda waya, gari ya harzuƙa, shi kuwa Kansila mutum ne mai saurin gane inda iska ke kaɗawa.

Kaka ta juya kwaɗon. "Wannan ko akuya ta yi atishawa ya buɗe. Rowa har a ƙarfe?"

"Me kike ɓoyewa? Haƙoranki biyu da suka rage?"

"Da su zan cije ka. Na ji ka jiya a rediyo, kana ta kumfar baki. Ɓata-gari, ɓata-gari, kamar kai ka gina garin."

"Mutane sun ji tsoro, Kaka. Matar nan 'ya'ya uku ta bari. Ko malamai sun ce lallashin mai laifi ƙarfafa masa gwiwa ne."

"Kai da ka yi fitsarin kwance har ka shiga makaranta, wa ya kai ka wurin 'yan sanda? Ni na wanke."

"Fitsari bai taɓa kashe kowa ba."

"Warin naka ya kusa."

Ya yi 'yar dariya. Idonsa ya kai kan ƙofar ɗakin baya, inda tsohon kwaɗo ke lilo a karye. A ciki ƙanensa Auta yake, tun da ƙwaya ta ci ƙarfinsa. Maƙwabta an ce musu ya tafi karatu.

"Ki daina yi mini wa'azi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ni zan kulle na gari, ke kin kulle na gida. Asibitin nan yana nan tuntuni, me ya hana ki kai shi?"

Tsohuwa ta ajiye kwaɗon a kan tabarma. Shi kansa sai ya ji tausayinta.

"Kunya," ta ce. "Kada a ce jikana ne. Kada a ce ƙanen Kansila ne, su hana ka kujera. To, na gaji. Jibi na yi niyyar kai shi, sai ga mijin nawa zai rufe wurin gobe."

"Idan na ɗaga hannu don asibitin, sun gama da ni. Za su ce ina bayan 'yan ƙwaya."

"Da can gaban wa kake?"

Sai aka ji motsi a ɗakin baya, wata murya a dashe ta fito ta ƙasan ƙofa.

"Yaya, kai ne? Idan za a zo kama mu, ka ce kada su doke ni a gaban Kaka."

Kansila ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya cire hula, ya daɗe yana kallon cikinta. Duk jawabin da ya haddace don gobe ya bi iska.

"Ba mai zuwa, Auta," ya ce da ƙyar. Ya juyo wajen tsohuwa yana wata dariya mai ɗaci, ido jawur. "Kin ci, mayya. Ki shirya shi jibi, ni zan tuƙa ku. Amma ki sani kin raba mijinki da kujera."

Kaka ta share ido da bakin mayafi, ta matsa gefe.

"Zo ka zauna. Da ma tabarma ta fi dacewa da kai."