Wayar Ƙasa a Firigon Surukata

A shekarun da albashi ke yin watanni bai fito ba, surukata ta sayi tsohon firigo a garin Tawa don sayar da ƙanƙara. Matsalarsa ɗaya: ƙarfen jikinsa na fisgar duk wanda ya taɓa. Na ce kada a kira kowa, wayar ƙasa kawai yake so, wadda za ta kai wutar cikin ƙasa, kuma ni malamin kimiyya ne.

Na kafa ƙarfe a tsakar gida, na haɗa shi da firigon da wata siririyar waya da na ciro daga mataccen rediyo.

"Malam, wagga 'yar tsurut za ta iya kuwa?" in ji matata.

"Wuta ba ta da ƙiba," na ce.

Na tara mutanen gida, na kunna, surukata na tsaye kusa da makunnin. Ina cikin jawabi ashe wayar ta ƙone ta tsinke a bayana. Na ɗora tafukana biyu a kan firigon.

Ni da ban taɓa ɗaga ido gaban surukata ba, sai ga ni ina tsalle ina kwarara sunanta na yanka: "Rakiya! Kashe!"

Har yau, in ƙannen matata suka ga na nufi fitila zan kunna, sai su ce, "Dakata, Malam, mu kira Rakiya ta tsaya kusa."