Fuskar Mai Hatimi

Wani ne, ma'aikacin ofis. Aikinsa ɗaya tak: a kawo takarda, ya buga hatimi, a ɗauke. Shekara goma sha takwas yana wannan. Amma in ka ji shi yana magana, sai ka rantse shi ya koya wa likitoci allura. Ana hirar ƙwallo, shi ne koci. Mota ta mutu a hanya, shi ne zai tsaya da hannu a aljihu yana gaya wa direba inda cutar take.

Wata rana yana dawowa daga aiki ya ga takarda manne a ƙofar laburaren unguwa. Ƙungiyar masu zane za ta fara bita duk Asabar da safe, kuma kowa zai riƙe burushi da hannunsa. Ya karanta sau biyu, ya gyaɗa kai.

Ya shiga gida ya ce wa matarsa, "Maman yara, ƙungiyar masu zane tana nemana."

Ta ce, "Me ka yi musu?"

"Ba abin da na yi musu. Baiwa ce. Shekara goma sha takwas ina aiki da tawada."

"Baban yara, ƙofar banɗakin nan da ka shafa wa fenti bara, har yau ba ta rufuwa."

Ya ce, "Wannan laifin kafinta ne."

Asabar ta zo, ya tafi. Ɗakin bitar a bayan laburare yake. Tebura shida, fanka ɗaya mai kuka kamar ana yanka ta, ƙasa an shimfiɗe ta da tsofaffin jaridu. 'Yan ƙungiya sun kai goma sha biyu. Akwai tela, akwai mai aski, akwai makaniki, akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Mai koyarwa kuwa wata malama ce mai haƙuri, irin haƙurin da ba a san ƙarshensa ba sai an gwada.

Malama ta ɗora butar shayi da lemo guda biyu a kan tebur. Ta ce, "Yau wannan za mu zana. Ku fara haɗa kala. In kun sa rawaya a shuɗi, za ku sami kore."

Mutuminku ya ɗaga hannu. "Malama, ai wannan tsohon yayi ne. Yanzu an ci gaba."

Ta ce, "To, Yallaɓai, nuna mana sabon."

Ya matso ja, ya matso shuɗi, ya matso rawaya, ya ƙara baƙi don ƙarfi. Ya cakuɗa su. Abin da ya fito, ni dai a bakin kwata kawai na taɓa ganin irinsa. Ya ce bari ya haska shi da fari. Ya zuba fari, ya ƙara fari. Kafin Malama ta juyo, farin fentin da ƙungiya ta tanada na wata uku ya ƙare.

Bai damu ba. Ya kama burushi kamar yadda yake kama hatimi, ya shiga dukan allo. Dum! Dum! Fenti yana tartsatsi har kan rigar mai aski.

Malama ta ce, "A hankali, Yallaɓai. Shafawa ake yi."

Ya ce, "Kowa da salonsa."

Da aka gama, aka zagaya ana duba na kowa. Aka zo kan nasa.

Makaniki ya karkata kai. "Wannan taya ce ta fashe?"

Mai aski ya ce, "Haba dai, kunkuru ne. Ga kansa nan."

Mama ta ce, "Ni na taɓa ganin irin wannan a asibiti. Amma mun cire shi, kuma mutumin ya rayu."

Mutuminku ya ce, "Butar shayi ce! Ku matsalarku da ido kuke kallo."

Tela ya ce, "To da me ake kallo a ofishinku?"

Mako na biyu ya daina nasa zanen, ya koma gyaran na mutane. Yana zagayawa da burushi a hannu, yana tsaki. Ya tsaya bayan makaniki ya yi masa lacca a kan inuwa, minti ashirin ba numfashi. Ya wanke burushinsa a kofin shayin Mama, ya kuma gaya mata shayin nata ya yi sanyi. Tela ya kwashe awa biyu yana zana tsuntsu a kan reshe, ya fita amsa waya. Ya dawo ya tarar an ƙara wa tsuntsun gashin baki.

"Wa ya taɓa mini zane?"

"Ni ne. Na ga ba shi da kwarjini."

Sai da mutum uku suka riƙe tela. Allah ya taimaka ranar bai zo da almakashi ba.

Da aka tashi, 'yan ƙungiya suka tare Malama a bakin ƙofa. Tela ya ce, "Malama, ko shi ko mu." Mai aski ya ce shi ya zo nan ne ya huta da surutun shago, sai ga wanda ya fi shagon gaba ɗaya. Malama ta tuna musu dokar ƙungiya: duk ɗan unguwa yana da haƙƙin shiga, ba a korar kowa.

Makaniki ya ce, "To a kore shi daga unguwar mana."

Ta ce, "Ku ba ni mako ɗaya."

Asabar ta uku, Malama ta ajiye kujera a tsakiyar ɗaki. Ta ce, "Daga yau za mu koyi zanen fuskar mutum. Amma ba kowace fuska ake zanawa ba. Muna neman fuska mai tarihi. Fuskar da in ka gan ta sau ɗaya, ba za ka manta ba ko kana so."

Ba ta rufe baki ba mutuminku ya riga ya zauna a kujerar, har ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ya ce, "Malama, na daɗe ina jira ki lura."

Ta ce, "Kowa ya lura, Yallaɓai. Amma akwai sharaɗi. Awa biyu, ba motsi, ba magana. Asabar huɗu a jere. Kuma ba ka ganin zanen kowa sai ranar baje koli."

"Ko 'yar shawara ba zan bayar ba?"

"In ka buɗe baki, haɓarka za ta sauya wuri, aikin mutum goma sha biyu ya lalace."

Ya ɗaga haɓa, ya ƙura wa fanka ido, ya tsaya ƙiƙam. Jama'a, ɗakin nan ya yi tsit. Har mai gadin laburare ya leƙo ya tambaya ko an yi rasuwa ne.

Ƙuda ya zo ya sauka a hancinsa. Ya zagaya, ya duba ko'ina, ya je ya kirawo ɗan'uwansa. Mutuminku yana hura iska ta gefen baki.

Tela ya ce, "Malama, yana motsi."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu sau biyar. Ƙafarsa ta mutu. Gumi ya gangaro masa cikin ido. Ya hango makaniki ya ɗebo kore zai kai kan allo, ya yi magana ta tsakanin haƙora: "Ba kore a fuskata."

Malama ta ce, "Haɓa, Yallaɓai, haɓa!"

Ya haɗiye sauran.

Amma duk maganar da ya tara a Asabar, ranar Litinin yake sauke ta a ofis. Ya gaya wa kowa cewa cikin unguwa kaf shi aka zaɓa. Ya ce ƙwararru goma sha biyu ne suke aiki a kan fuskarsa. Ya gayyaci abokan aiki. Ya shiga wurin oga da kansa.

"Ranka ya daɗe, in an gama, zan bai wa ofis guda ɗaya kyauta. A rataya a wurin jiran baƙi."

Oga ya ce, "Mu dai fara gani."

Ranar baje koli mutuminku ya sa rigarsa mafi tsada, ya fesa turaren da ke gaisawa da mutum tun daga bakin titi. Matarsa tana biye. Oga ya zo, abokan aiki takwas suka zo. An jera alluna goma sha biyu jikin bango, kowanne an rufe shi da ƙyalle. Mutuminku ya nemi a ba shi minti biyu ya yi jawabi, ya ci ashirin. Sannan Malama ta fara yaye ƙyallaye.

Na farko na mai aski ne. Shi a bayan kujera ya zauna duk makon huɗu. Allo guda cike da sanƙo, yana ƙyalli, har da hoton fanka a tsakiyarsa.

Mutuminku ya ce, "Ina fuskata?"

Mai aski ya ce, "Ni ta nan na saba ganin mutane."

Na tela kuwa, riga ce aka zana da kyau, kowane maɓalli a wurinsa, har da wanda ke shirin tsinkewa a kan tumbi. Kai kuma ɗan mitsitsi a can sama, kamar an tuna da shi daga baya.

Tela ya ce, "Allon ne ya ƙare. Cikin ya cinye wuri." Sannan ya nuna da yatsa. "Amma ka ga na ƙara maka gashin baki. Na ga ba ka da kwarjini."

Na makaniki fuska ce kore shar, ido ɗaya ya fi ɗaya girma, hanci ya karkata hagu kamar motar da aka buga ta gefe. Wani kuma ya zana ƙudan nan biyu, kuma wallahi su suka fi kowa fitowa da kyau.

Abokan aiki suka fara tari. Ɗaya ya fita waje, ana jiyo shi yana dukan bango. Oga ya ciro hankici ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa.

Oga ya ce, "Wannan na koren, ka ba mu shi. A wurin jiran baƙi, layi zai ragu."

Mutuminku ya tashi kamar zai fashe. "Wannan cin mutunci ne! Haɗa baki aka yi! Asabar huɗu ina zaune kamar gunki, ƙuda yana yawo a kaina, wannan ne sakamakon? Maman yara, zo nan! Ke kika fi kowa sanina. Gaya musu tsakani da Allah, akwai wanda ya yi kama da ni a nan?"

Matar ta bi allunan ɗaya bayan ɗaya, a nutse. Ta dawo ta ce, "Babu ko ɗaya."

Ya juya ga jama'a. "Kun ji ko!"

Ta ce, "Duk bakinsu a rufe yake."

Oga ya nemi kujera ya zauna.

Malama ta ce, "Yallaɓai, yi haƙuri, saura ɗaya." Ta yaye ƙyallen ƙarshe, na Mama.

Wani kyakkyawan mutum ne a jikin allon. Gashi cike da kai, hanci miƙe, ido fari tas, kafaɗa kamar ta ɗan dambe, ciki a shafe. Ga wani ɗan murmushi na mutumin da ya san abin da yake yi.

Mutuminku ya matsa kusa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya jawo hannun oga, ya jawo hannun matarsa.

"Ga ni nan! Wannan shi ne ni! Cikin mutum goma sha biyu, ɗaya ce tak ta iya zane. Mama, Allah ya yi miki albarka. Gaya wa waɗannan 'yan koyon sirrin. Yaya kika yi kika gan ni haka?"

Mama ta gyara zama ta ce, "Ɗana, wane gani? Yanar ido gare ni, duka biyun. Ranar Laraba za a yi mini aiki. Duk Asabar ɗin nan in na dubi kujerar, abin da nake gani kamar buhu ne aka jingina. To da ido ya ga dishi-dishi, sai zuciya ta ƙarasa sauran yadda take so."

Matar ta dubi allon. Ta dubi mijinta tun daga sanƙo har takalmi. Ta sake duban allon, ta daɗe. Sai ta durƙusa kusa da tsohuwar, ta kama hannunta.

"Mama, don Allah, wannan yanar idon, ta yaya ake kamuwa da ita?"