Rasuwar Mai Fito, da Cigiyar Mai Ƙararrawa ta Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ma ta sami gefe ta raɓa, Lyle Haugen na birnin Duluth, a madadin kansa da iyalinsa da ɗaukacin 'yan zauren Mashigi, yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Mai Fito. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, a ɗakin ƙasa na gidansa, tsakanin injin wanki da tukunyar ɗumama gida, inda ta zauna tun ranar da aka kawo ta. Ta rasu tana da shekara ashirin da shida, abin da a danginsu ake kira tsufa tukuf.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiya ita ce ta ɗauki nauyin Mashigi, zauren da masu karanta littattafan Tafkin Gishiri suke haɗuwa a intanet su yi muhawara a rubuce. Littafi takwas sun fito, na tara kuma na ƙarshe zai fito ranar Talata mai zuwa, bayan jiran shekara goma sha ɗaya. An sa wa marigayiya sunan makauniyar nan ta cikin labarin, mai tsallakar da mutane tafki a kwalekwale, domin aikinsu ɗaya ne: ta karɓi magana a wannan gaɓa ta kai ta waccan, ba ta tambayar mai ita ko yana da hankali.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Ta ɗauki rubutun mutumin Arizona da ya ƙirga kowace miya da aka sha a littafi takwas don ya tabbatar cewa mai zuba guba bahago ne. Ta ɗauki rigimar shekara huɗu tsakanin masu cewa dokin yarima ɗan'uwansa ne da aka yi wa sihiri da masu cewa doki dai doki ne, ba ta taɓa nuna ɓangaren da take ba. Shekarar da ambaliya ta ci unguwa, an ɗora ta a kan gwangwanin fenti guda huɗu, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinta, ita kuwa tana ta raba saƙonnin masu gardama a kan launin gemun wani waziri. Ba ta da yawan magana. In an kunna ta sai ta ce ɗit, sau ɗaya, kamar mai amsa gaisuwa. Daga nan sai huuu na fankarta, wanda Lyle yake ji ta cikin katakon daɓe yana shan kofi a kicin. In kuwa aka sa ta neman tsohon rubutu, sai ta yi ƙirr-ƙirr, irin gunagunin tsohuwa mai laluben allura a gwangwani.

Amma babbar martabarta ita ce alƙalanci. Dokar Mashigi ta farko, wadda Lyle da kansa ya rubuta, ta ce wanda ya riga kawo hasashe shi ne mai shi, da sunansa za a kira shi har abada, kuma ranar da Mai Fito ta buga a kan rubutu ita ce shaida. Mutanen da ba su yarda da likita ba, ba su yarda da gwamnati ba, sun yarda da ranar da ta buga. Ba ta taɓa yin ƙarya ba sai sau ɗaya, shi ma sa ta aka yi. Wajibi ne a kan mai makoki ya faɗi yadda abin ya faru, domin bai kamata a rufe ta da laifin wani ba.

Masu karatu sun san babban birnin labarin yana da hasumiya biyar da ƙararrawa biyar. Sun kuma san cewa a littafi na biyu, shafi na ɗari uku da goma sha ɗaya, makauniya mai fito ta ƙirga bugu shida. Kowa ya ɗauka kuskuren maɗaba'a ne. Ran tara ga Maris, shekara goma sha tara da suka wuce, wata 'yar zaure mai kiran kanta Mai Gyaran Raga ta aiko wa Lyle saƙo na tsakaninsu. Ta ce ba kuskure ba ne. Ta ce ƙararrawa ta shida tana ƙarƙashin tafki, a tsohon birnin da ya nutse, makauniya kuma ta ji ta ne ta tafin ƙafarta a cikin kwalekwale, ba da kunne ba. In kuwa ana buga ta, to akwai mai rai a can ƙasa, kuma sarkin da aka yi wa makoki a littafi na farko bai mutu ba. Ta rufe saƙon da cewa: "akwai saura, amma fara gaya mini ko wannan ba shirme ba ne."

Lyle bai ba ta amsa ba. Ya karanta saƙon sau uku, ya ɗauko littafin ya duba shafin. Shekara bakwai ke nan yana share zauren wasu, yana raba faɗa, yana gyara wa mutane lambar shafi, bai taɓa gano ko da ƙwayar abu nasa na kansa ba. Kashegari ya saki hasashen a zaure da sunansa. Da ta fito ta ce nata ne, ran tara ta aiko masa, sai ya sauka ɗakin ƙasa da rana tsaka, ya mayar da ranar rubutunsa zuwa biyu ga wata, ya ɓoye saƙonta inda shi kaɗai yake iya buɗewa, sannan ya kore ta daga Mashigi bisa laifin ƙazafi. Mutane suka duba ranar, suka ce alƙali ya yi magana. Tun daga lokacin ake kiran abin Hasashen Haugen. An buga shi a jikin riguna. An gayyaci Lyle taron masu karatu a Milwaukee har sau biyu, ya zauna a kan dandamali da lasifika a gabansa, duk wanda ya tambaye shi wa yake buga ƙararrawar, sai ya yi murmushin masana ya ce a jira. Bai sani ba ne. Amsar tana cikin sauran da bai nema ba.

Bai goge saƙon ba, kuma kada a lissafa masa wannan a cikin alheri. Duk wata yakan kwafe rubuce-rubucen zaure ya ajiye saboda tsaro, amma ya ƙi kwafar saƙonnin tsakani, don kada nata ya fita daga cikin marigayiya ya faɗa idon wani. Ya sha ce wa kansa zai fito da shi. Ya ce in littafi na bakwai ya fito. Ya ce in ya yi ritaya daga ofishin tashar jiragen ruwa. Da aka sanar da ranar littafi na tara, ya yanke cewa wannan makon ne, ba ɗagawa.

Ita kuwa jinya ta riga ta kama ta tun kaka. Huuu ɗin nan ya fara sarƙewa, takan ɗauki minti biyar kafin ta ce ɗit. Ranar Laraba ya gama kofinsa, ya sauka da niyyar buɗe saƙon ya saka shi a gaban kowa. Ya danna, sai ya ji ƙarar da bai taɓa ji ba: ƙit, ƙit, ƙit, a hankali, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Allon ya yi baƙi. Ya kashe ya kunna ya fi sau goma. Ya roƙe ta da baki, shi mai shekara sittin da ɗaya, gwiwoyinsa a kan siminti.

Ya naɗe ta a bargo ya kai ta shagon Misis Rhonda Beaulieu, mai gyara, wadda iyali suke gode wa ƙoƙarinta. Ta buɗe faifan ajiyar a ƙarƙashin fitila, ta daɗe tana kallo.

"Mista Haugen, wannan ba ciwo ba ne, gawa ka kawo mini. Allurar da ke karanta shi ta kankare fuskar faifan tas. Ka ga wannan garin mai walƙiya a yatsana? Saƙonninka ke nan."

"Guda ɗaya kawai nake nema," in ji shi. "Layi goma sha biyu ne."

"Ko layi ɗaya. Sau nawa ka kunna ta bayan ta fara ƙit-ƙit?"

Ya gaya mata. Ta cire tabarau ta dube shi, ya gane duk kunnawar da ya yi ƙara kankare faifan ta yi.

Da yamma ya shiga sabon dandalin da 'yan zaure suka fake a waya, ya rubuta gaskiya duka ba tare da shaida ba. Ya zaci zagi. Da zagin ya samu, da ya ji sauƙi. Dariya aka yi. Kashegari a gidan kofi na bakin gada, abokinsa Orrin Maki, wanda suka kafa Mashigi tare, ya tare shi tun bai zauna ba.

"Kai, tsohon banza, ka iya shiri! Saura kwana biyar a tona asirin ƙararrawarka, ka hango jirgi zai kife, shi ne kake neman wadda za ka miƙa wa sitiyari?"

"Na rantse maka, Orrin, nata ne."

"Shekara goma sha tara kana cin naman, yanzu da ka ji ƙashi ka tuna da mai akuya. Ina shaidar? A cikin kwamfutar da ta mutu jiya? Madalla da wannan mutuwa mai sanin lokaci!"

"Ni na canza ranar da hannuna."

"Ranar Mai Fito ba ta canzuwa, kai ka koya mana. Ci kek ɗinka, mutumina. In hasashen ya faɗi za mu yi maka ba'a wata ɗaya mu manta."

Wannan shi ne halin da mai makoki yake ciki, kuma shi ya sa sanarwar ta yi tsawo. Ya gina wa marigayiya suna na gaskiya har ya zama ba mai yarda cewa ya taɓa sa ta ƙarya. In Talata ta zo littafi ya gaskata hasashen, za a ɗaga Lyle sama, iƙirarinsa ya zama abin dariya na tsoron da ya ji. In ya ƙaryata shi, mayar mata da shi a lokacin mayar da mushe ne. Kwanakin nan kaɗai suka rage da za a iya ba mai kaya kayanta alhali ba wanda ya san zinariya ne ko tagulla. Matarsa Marlys ce ta sa shi rubuta wannan. Ta same shi zaune a matakalar ɗakin ƙasa yana kallon gurbin da ƙura ta zagaye, ya gaya mata komai.

"Lyle, shekarun nan da kake ture faranti kana cewa ƙwannafi ne, ashe ƙararrawar da babu ita ce a duniya take damunka?"

"Matar tana nan a duniya, Marlys."

Sannan ta ce, "To tashi ka nemo ta. Ka sa sunanka na gaskiya da na garinmu, ba sunan wasan nan naku ba."

Marigayiya ta rasu ta bar allo ɗaya mai nauyin buhun siminti. Da madannai da rabin haruffansu suka goge. Da na'urar buga takarda, wadda ba su taɓa jituwa ba. Da 'yan zaure ɗari huɗu da goma sha biyu. Da hasashe sama da dubu uku, marayu. Ta kuma bar kwafin rubutun zaure, mai ɗauke da biyu ga Maris, ƙaryar da ta rayu bayan gaskiya ta zama gari a yatsan Misis Beaulieu.

Saboda haka iyali suna roƙon kada a kawo furanni. Wanda yake son taimakawa ya taya cigiya. Lyle bai san sunanta ba, adireshinta ma ya tafi da faifan. Abin da ya sani shi ne tana tuƙa motar 'yan makaranta a wani gari na masu noman alkama, wataƙila a Manitoba, domin ta taɓa cewa sanyin Duluth wasan yara ne. Tana da kare mai ƙafa uku. Ba ta amfani da manyan haruffa. Takan rufe rubutunta da "sai mun haɗu a gaɓa". Duk wanda ya san mace mai kama da haka, ko da ta daina karatun, ko da jin sunan littafin yana ɓata mata rai, don girman Allah ya kai mata wannan takarda kafin Talata. In ta riga mu gidan gaskiya, a gaya masa inda take, zai tuƙa mota ya je.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a wurin karɓar tsofaffin kayan lantarki da ke bayan gari. Orrin Maki da Misis Beaulieu za su kama gawa. Faifan ba zai bi ta ba. Yana cikin kwalbar zuma a kan tagar kicin. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a ɗakin taro na cocin unguwa, inda Marlys za ta kawo kofi da gasasshen dankali da nama. Lyle zai tashi a gaban duk wanda ya zo ya maimaita abin da ke sama da bakinsa, a yi dariya ko kada a yi. Kwafinsa na littafi na tara zai iso ranar Talata, kuma ba zai yage ledarsa ba sai mai ƙararrawa ta riga shi karantawa.

Za a bar kujera ɗaya kusa da ƙofa, don wadda za ta so ta shigo ta fita ba tare da ta gaisa da kowa ba. Ba a neman ta yafe. Ba a neman sauran hasashen, nata ne. Tambaya dai ta yi ran tara ga Maris, kuma Mai Fito ta kai ta inda aka aike ta, wanda ya karɓa ne ya riƙe amsar. Ga ta, ga duk mai iya tsallakar da ita:

Ba shirme ba ne.