Farar Rumfar Shamuwa

A gafarce ni, manya. Ban taɓa rubuta labari ba, wannan ma sau uku ina yaga takardar. In na yi tuntuɓe, a ɗauka ƙuruciya ce.

A wani daji mai yawan tsamiya, an yi wata tsohuwar bushiya da kowa ke kira Inna. A idonta ciwon ƙanjamau ya shigo dajin, tun ana ce masa sammu, ana tura wa mai shi abinci da sanda. A idonta kuma magani ya zo. Wata dattijuwar shamuwa ce ke kawo shi duk farkon damina, na shekara cur, domin magani ne da ba a tsallake masa rana.

Inna ba ta manta saukar dattijuwar ba. Ba shela, ba rakiya. Ta naɗe fukafukai a ƙofar rami, ta sha ruwa, ta ce, "To, 'yar uwa, me ya ɓaci bana?" Sai ta kasa kunne har a gama faɗa mata. Bayan ta tashi, Inna ta zuba maganin a gindin ƙoƙo, ta rufe da tsamiya, ta bi gida-gida kamar mai zuwa gaisuwa. Gidan da ba ciwo ma takan ajiye tsamiya, don kada a gane. Da haka Gada, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ciwon da 'ya'ya biyu, ta shekara tara cikin dangin miji ba wanda ya sani.

Kwana ya ƙare wa dattijuwar, jikokinta suka gaji alherin. Masu kirki ne, sai dai ba sa son ƙasa ta taɓa musu ƙafa. Suka kira taro, suka jeru a reshen kuka. Babbarsu ta ce, "Muna so mu kyautata aikin kakarmu. Amma daga sama ba ma ganin inda maganin ke shiga. A ba mu shawara."

Dila, wanda a bara ya fara kiran kansa masani, ya gyara murya. "Ranku ya daɗe, gani ya kori ji. Alherin da ba a gani ba, da shi da rowa duk ɗaya. A kafa rumfa a kan babban surin nan na tsakiyar fili, a shafe ta da farar ƙasa. Mai ciwo ya hau ya karɓi rabonsa da rana tsaka. Kuna shawagi kuna ganin ladanku na tafiya da ƙafafunsa."

Reshe ya kaure da tafin fukafukai. Don kara, aka ce wa Inna ko tana da abin cewa.

Ta fito tana jan ƙafa. "Jikokina, ni ban iya zance ba, tsamiya na iya ɗauka. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai ciwon nan ba magani yake gudu ba, ido yake gudu. Akwai wadda in aka gan ta a kan surin nan da safe, kafin la'asar an raba ta da 'ya'yanta. Kakarku ba ta taɓa tambayata sunan mai ciwo ba, ta san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In kuna son shaida, ku dubi makabarta, ku ga yadda ciyawa ta rufe hanyarta. Ku bar mini ƙoƙona."

"Allah sarki, Inna," in ji Dila. "Da can ma ai da ƙaya ake ɗinki."

Aka yi dariya. Babbar shamuwa ta ce maganar Inna ta ratsa ta. Nan take aka naɗa ta Uwar Shawara, aka rataya mata furanni, suka sarƙe a ƙayarta. Washegari aka fara rumfa.

Ranar buɗewa, Gada ta zo har bakin fili ta tsaya. Surukarta na gindin suri tana tallan ɗinya, tana ƙirga masu hawa da ido. Gada ta juya, ta biya ta wajen Inna.

"Inna, ko da saura a ƙoƙon?"

"Tsamiya ce kawai, 'yar nan. Daure ki hau, ni zan shiga gaba."

"In na hau, wa zan tarar a gida?" Ta ɗauki tsamiya ɗaya don kada a ce ta zo a banza, ta tafi.

Da damina ta zagayo, shamuwa suka hango rumfarsu fara fat, magani jibge, ciyawa ta rufe hanyar hawa. Dila ya yi musu bayani: rashin mai karɓa shi ne rashin mai ciwo. Aka buga ganga, aka ce Uwar Shawara ta fito ta sa albarka.

Aka duba, sai busassun furanninta a ƙasa. Tun ana gyara ganguna Inna ta sulale da ƙoƙonta, ta nufi inda ake sadakar bakwai, ta ga ko marayu biyu sun ci abinci.

Shamuwa suka koma suka ba da labarin cewa ciwo ya ƙare a dajin nan. Ba su yi ƙarya duka ba. A gidan Gada dai ya ƙare.